Faifan Ƙwaryar da Ya Dawo

Akwai ranar da mutum yakan manta da ita tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wadda ko cikin dare aka tashe shi zai ba da labarinta tiryan-tiryan. Tawa ita ce yammacin da mahaifina ya miƙo hannu ya karɓi bindigar roba daga hannuna a ƙofar gidanmu a Zuru. Na ga abubuwa da yawa bayan nan, masu daɗi da marasa daɗi, amma wannan ranar ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

A shekarar da Babbar Salla da Kirsimeti suka zo a jere ne, 'yan kwanaki kaɗan tsakaninsu. Ina ajin ƙarshe a firamare. Wanda bai san Zuru ba ba zai gane daɗin irin wannan shekarar ba, domin a garinmu da wuya ka sami dangin da babu Musulmi da Kirista a ciki. Mu Musulmi ne, Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, Kirista ce. Mun aika musu da naman layya, muna jiran shinkafarsu. 'Yan kasuwa ma sun san da haka, shi ya sa suka cika rumfuna da kayan wasa, a ciki har da abin da ya ɗauke hankalin kowane yaro a garin, wato bindigar faifai.

Ta roba ce, tsawonta bai wuce tafin hannun babba da rabi ba. A samanta akwai ɗan bututu da ake jera faya-fayan roba a ciki, ɗaya kan ɗaya. Idan ka ja kunama sai sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke ciki, ya hauri na ƙasa, ya fita yana juyi a iska. Iri-iri ne suka shigo, mu kuma muka laƙa wa kowace suna. Akwai ja, wadda muke ce wa Tsohuwa, don faifanta a gaban ƙafarka yake faɗuwa. Akwai koriya, Mai Tari, ta harba ɗaya ta shaƙe da biyu. Sai kuma shuɗiya, Shaho, wadda take kai faifai nesa amma kunamarta ba ta da ƙwari, yaro mai zafin hannu kafin la'asar ya karya ta ya koma gida yana kuka.

To, ni ce alƙaliyar bindigogin unguwarmu, kuma ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Tun ina ƙarama ba a ajiye rediyo ko tocila kusa da ni a dawo a same su a haɗe. Yaro ba ya sayen bindiga sai ya zo ya tambaye ni. In girgiza ta kusa da kunne in ji ko sifirin na rawa, in shafa gefen faifan da babban yatsa in ji ko yana da kaushi, in leƙa hanyar da yake bi ko ta karkace. Mai rumfar da muke saye a wurinsa ya tsane ni kamar me. Da ya hango ni sai ya ce, “Ke ɗiyar Saje, tahi ki ba ni wuri, kin kashe mini kasuwar jajayen nan!” Ni kuwa in tsaya ƙyam in ce ai ba ni na kashe su ba, a mace suka zo.

Daga alƙalanci na koma gyara. Na daddaka kan ƙusa da dutse ta zama abin kwance noti. In buɗe bindiga, in ɗan ja sifirin ya ƙara tsawo, in yanko siririyar roba daga tsohon tiyub na keke in ƙara masa ƙarfi, in shafa man kaɗanya a hanyar faifan don ya yi santsi. Tsohuwa ma idan ta bi ta hannuna sai ta koma budurwa. Da faya-fayan roba suka fara ɓacewa a ciyawa da kan rufin mutane, sai muka gano cewa marfin kwalbar lemo, idan aka daddake shi ya baje, yana shiga daidai, kuma ya fi na roba tafiya nesa ba kusa ba. Mun ɗauka mun ƙure wayon duniya.

Duk wannan aikin a gidan Gwaggo nake yin sa, bayan rumbunta, tare da ɗanta, taubashina, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. A gidanmu kuwa ko kalmar bindiga ba a furtawa.

Baba soja ne, kowa Saje yake ce masa, har Mama. An tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, ya daɗe, da ya dawo kuma sai ya ajiye aiki. Jikinsa ya dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu, amma mutumin da muka raka tasha ba shi ne ya sauko daga mota ba. Baban da na sani mai surutu ne, mai tsokana. Kofur yake kirana, idan ya shigo gida sai in ƙame in sara masa, ya duba farcena da haƙorana ya ce faretin yau ya yi kyau. Wanda ya dawo kuwa yini yake a kan kujera ƙarƙashin mangwaron tsakar gida yana kallon katanga. Idan ka gaishe shi ya ɗaga kai. Hannuwansa rawa suke yi, kofin kunu ma sai ya riƙe da biyu, duk da haka rabi a ƙasa yake ƙarewa. Ƙofa ta buga da ƙarfi, sai ka ga ya zabura. Tun da ya dawo bai ce mini Kofur ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Mama ta yi iya abin da so yake sa mace ta yi. Ta ɓoye kakinsa da takalmansa da akwatin ƙarfen kayan aikinsa. Ta bi gida-gida tana roƙon a hana yara jefa nokawut, abin wasan nan mai fashewa da ƙara, kusa da mu. Ko tsintsiya Baba ya sunkuya zai ɗauka, sai ta riga shi, ta ce, “Huta, Saje, bari in yi.” Haka mu ma muka koya. Muna tafiya a gidan da sanɗa, muna magana ƙasa-ƙasa, kowa na gudun kada ya zama shi ne sanadi.

Kwana biyu bayan Salla, Baba Babba, wan mahaifina, ya zo daga ƙauyen Manga. Suka zauna da Mama da Gwaggo a zaure, ni kuma ina bayan ƙofa ina tsince wake da kunnena a waje. Hukuncin da suka yanke shi ne, da an gama Kirsimeti Baba Babba zai dawo da mota ya ɗauki Baba ya tafi da shi ƙauye, inda babu hayaniya, a ci gaba da nema masa magani. Mu kuma Mama ta tattara mu mu koma Bena wurin iyayenta, a rufe gidan. Babu mai mugun nufi a cikinsu, duk kuka suke yi. Amma ni abin da na ji kawai shi ne gidanmu zai watse, kuma saura 'yan kwanaki.

Yaro dai yaro ne. Da wannan nauyin a ƙirjina, washegari da la'asar ina bayan rumbun Gwaggo ina fama da Shahon taubashina. Na ninka mata roba biyu, na cika ta da marafan kwalba. Shi kuma yana tsaye a kaina yana zuba. “Ke dai faɗi gaskiya, kin ɓata mini ita. Mace da gyaran bindiga, ina anka taɓa yi?” Raina ya ɓaci. Na ce ya matsa ya ga aiki. Na ɗaga bakinta sama don in nuna masa nisan da za ta kai, ban ko duba ina ta fuskanta ba, na ja kunama.

Marfin ya fita da wani irin zuwwa, ya haye katanga, ya nufi cikin gidanmu. Sai muka ji ƙwal! Ƙarar ƙarfe a kan kwanon sha, sannan ƙarar kwanon yana gangarawa a siminti, yana juyi, yana juyi, har ya kife. Daga nan shiru. Ko kajin Gwaggo ban ji motsinsu ba.

Na san kwanon. Na Baba ne, wanda ake ajiye masa ruwa a gefen kujerarsa.

Taubashina, jarumin baki, kafin in waiga ya shige ɗakin uwarsa. Ni kuwa ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa waje, ban san dalili ba, bindigar tana hannuna. Ina isa ƙofar gidanmu Baba na fitowa daga zaure. Watanni ke nan bai taka bakin ƙofar nan ba. Yana riƙe da marfin da yatsu biyu, hannun na karkarwa. Mama na bayansa, ɗankwalinta a hannu, tana cewa, “Saje, don Allah, yara ne. Saje, koma ciki.” Gwaggo ta fito da muciya, maƙwabta suka fara leƙowa, yaran da ke wasa a layi suka tsaya cak.

Ya ce, “Wa ya harba wanga?”

Muryar ta dushe don rashin amfani, amma tasa ce. Na ce, “Ni ce, Baba.” Mama ta dafe ƙirji ta ce, “Mi kinka yi mana, ɗiyar nan?” Ban iya kallonta ba.

Ya miƙo hannu. Na ɗauka ɗaya daga cikin biyu za a yi, ko ya taka ta da ƙafa ya mare ni, ko kuma ganin siffar bindiga ya tayar masa da abin da muke tsoro, a ɗauke shi ranga-ranga tun kafin ranar da aka sa. Na miƙa masa, bakinta na kallon cikinsa. Sai ya sa yatsa ɗaya ya kawar da bakin gefe, ya juya ta ta kalli ƙasa, sannan ya karɓa. Abu na farko da ya yi shi ne ya zare bututun ya zazzage marafan a tafin hannunsa, ya ja kunama sau biyu bakin na ƙasa, ya leƙa ciki ya tabbatar babu saura. Duk wannan kafin ka ce kwabo. Ya zuba marafan a aljihu.

Ya ce wa Mama, “Ba ni zane.”

Mama ta tsaya tana kallonsa. Gwaggo ce ta kwance na kafaɗarta ta miƙa. Ya shimfiɗa shi a kan dakalin ƙofar gida, ya share shi da tafin hannu har ya kwanta sumul, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya dube ni ya ce, “Da mi kike kwance ta?” Na ciro ƙusata daga ƙullin zanena. Ya juya ta ya sake juyawa, ya daɗe yana kallon kan da na daddaka.

Abin da na gani daga nan shi ne har yau idan na tuna tsigar jikina take tashi. Baba bai kalli bindigar ba. Idonsa na can kan duwatsun da ke bayan gari, hannuwansa kuwa suna aiki su kaɗai. Noti ya fita, ya ajiye a hagu. Na biyu, kusa da shi. Murfi, kunama, sifirin, ɗan ƙarfen da ke haurin faifai, kowanne ya sauka a kan zanen a jere daga hagu zuwa dama, tazararsu ɗaya kamar an auna. Ni da nake buɗe bindiga ina zufa ina neman notin da ya faɗa cikin ƙasa, sai na ga ashe wasan yara nake yi. Ina cikin kallon jerin kayan ne na ji Mama ta ja numfashi a bayana, ta ce a hankali, “Gwaggon yara, dubi hannunshi.”

Na duba. Hannuwan nan da ba sa iya riƙe kofin kunu sun tsaya cak. Babu rawa ko kaɗan. Yana riƙe da sifirin da bai kai tsinken tsire kauri ba, ko motsi ba ya yi.

A ranar na san aikin da mahaifina ya yi a soja. Mu yara mun ɗauka kowane soja harbi yake yi. Ashe Baba mai gyaran makamai ne, shekara da shekaru bindigogin rundunarsu ta hannunsa suke bi, kuma an koya musu kwancewa da haɗawa ko babu fitila. Ni da nake taƙama na ƙago sana'a, ashe gado ne nake ta lalube a cikin duhu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai ya shiga duba aikina, ni alƙaliya yau ga ni a gaban alƙali. Ya ja robar tiyub ɗin ya sake ta, ya ce, “Wa ya gwada miki wanga?” Na ce babu kowa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Dabara ce. Amma biyu sun yi yawa, shi ya sa kunamar ke karyewa.” Ya cire ɗaya. Ya shafa hanyar faifan ya shinshina yatsansa. “Man kaɗe na miya ne da kaushin ƙafa. Nan ƙasa yake kamawa.” Yaran da suka kewaye mu suka fashe da dariya, ni ma na yi, don rabon da in ji Baba ya yi tsokana har na manta. Ya goge man tas da gefen zane, ya aika a kawo fensir, ya goga bakinsa a hanyar har ta yi baƙi tana ƙyalli. Ya sa reza ya kankare wani ɗan tudu na roba da ni ban taɓa lura da shi ba, ya ce shi ke sa faifai ya kauce hagu.

Daga nan ya ciro marfi ɗaya daga aljihu, fuskarsa ta canza. Ya ce a tsinko masa ɗanyar gwanda daga bishiyar Gwaggo. Ya ja gefen marfin a jikinta sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, fatar ta tsage, farin ruwa ya biyo. Ya ɗaga ta yadda kowane yaro zai gani. “Ido ya hi gwanda taushi,” in ji shi. Taubashina, wanda ya lallaɓo ya dawo ganin ba a yi duka ba, ya sa hannu ya rufe idonsa ɗaya bai sani ba. Baba bai ƙara ko kalma a kai ba, kuma tun daga ranar ban sake ganin marfin kwalba a bindigar wani yaro a unguwarmu ba.

Taubashin nawa ne ya yi ƙarfin halin cewa, “To Kawu, na roba sun ƙare, da mi za mu harba?” Baba ya waiga ya tambayi Gwaggo ko tana da fasasshiyar ƙwarya. Wace mace ce ba ta da sakaina a bayan ɗaki? Aka kawo. Ya zaɓi wurin da ya fi sirantaka, ya ɗora wani fasasshen faifan roba da aka tsinto ya zana, ya yanke da wuƙa, ya yi ta goga shi a kan dakali har ya yi sumul ya yi laushi a gefe. Ya ce a sa ƙusata a murhu. Da ta yi ja ya riƙe ta da tsumma ya huda 'yan ramuka a kewayen faifan, a karkace, ƙaurin ƙonanniyar ƙwarya ya cika wurin. Sannan ya haɗa bindigar, wannan karon daga dama zuwa hagu, idonsa na kan duwatsu kamar ɗazu.

Ya miƙe ya taka zuwa filin da ke gaban gidajenmu, mu duka muka bi shi, yara da manya, har da tsofaffin da ke zaune a gindin ɗorawa. Rana ta yi sanyi, iskar yamma ta fara gangarowa daga kan duwatsu. Ya ce kowa ya koma bayansa. Ya ɗebi ƙaiƙayi kaɗan a ƙasa ya sake shi, ya ga inda ya nufa. Ya fuskanci iskar, ya ɗaga bakin bindigar sama, ya ɗan kwantar da ita gefe, ya jira. Mun ƙagu, shi kuwa ko a jikinsa. Sai da iskar ta ƙara ƙarfi sannan ya ja.

Faifan ya tashi yana kuka. Wallahi kuka yake yi, wani siririn fito mai daɗi kamar na sarewar kara. Ya hau, ya hau, ya wuce tsayin ɗorawa, hasken yamma ya kama shi ya koma ja. Can sama ya tsaya, na rantse ya tsaya, kamar yana shawara. Sannan ya karkata, ya yanko, ya biyo iska yana saukowa, fiton na ƙara matsowa, har ya zo ya faɗi a ƙasa ɗan taki kaɗan daga ƙafar Baba, ya yi juyi ya kwanta.

Wani tsoho ya ce, “La ilaha illallahu!” Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce, “Yesu mai ceto!” Yara suka ɓarke da ihu suna tsalle, ihun da aka yi watanni ana hana su yi a ƙofar gidanmu. Na juya da sauri in ga ko ƙarar ta firgita Baba. Yana tsaye yana kallon faifan a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya hure masa ƙasa, ya daɗe yana juya shi. Ni ce mafi kusa da shi, don haka ni kaɗai na ji abin da ya faɗa, kuma ba na jin da ni yake.

Ya ce, “Duk wadda na gyara ta tashi. Ko ɗaya ba ta taɓa ƙi ba. Kuma abin da ya hita bakinta ba ya dawowa.” Ya ɗaga faifan. “Yau ga wanda ya dawo.”

A lokacin ban gane ba. Sai da na girma na fahimci abin da ke cin mahaifina: bai taɓa auna kowa ba, amma ya san kyawun aikinsa ya kai mutane da yawa kabari, kuma ya ga wasunsu da idonsa. Ƙwarewar da yake alfahari da ita ce ta zame masa abin tsoro, har ya daina yarda da hannuwansa.

Ya juyo ya miƙo mini bindigar, bakinta na ƙasa. Na karɓa kamar yadda na ga ya yi. Sai ya ɗaga gira ya ce, “Kofur, haka anka koya miki tsayuwa gaban Saje?” Na ƙame, na sara masa, hawaye na zuba har cikin bakina, majina ma ba a bar ta a baya ba. Ya duba farcena, baƙi ƙirin da dauɗa da man kaɗanya, ya girgiza kai ya ce faretin yau sai a hankali. Sannan ya yi dariya. Mama ta zauna a ƙasa a wurin, ta rufe fuska da ɗankwali.

Labari a Zuru ba ya kwana. Kashegari tun da hantsi yara suka yi layi a ƙofar gidanmu, kowa da Tsohuwarsa ko Mai Tarinsa, har daga unguwannin da ban san da su ba. Sakaina ta yi daraja, mata suka fara ɓoye ƙoransu masu lafiya don kada a fasa su da gangan. Baba ya ce wa Mama ta fito masa da akwatin kayan aikinsa. Ta shiga ta jawo shi daga ƙarƙashin gado. Dokarsa ɗaya ce: yaron da ya nuna bakin bindiga ga mutum, ko da babu faifai a ciki, ko da wasa, an karɓe ta sai gobe. Ni ce mai tantancewa, in duba in faɗi ciwon, shi kuma ya ce na yi daidai ko na yi shirme. Sau da yawa shirmen ne.

Bayan Kirsimeti Baba Babba ya iso da motar da ya yi alkawari, har da katifa a baya don mara lafiya ya kwanta. Ya sauko ya tarar da ƙanensa a kan dakali, zane a shimfiɗe, yara sun kewaye shi, yana yi wa wani faɗa a kan ya tauna faifansa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sandarsa a hannu. Can ya juya wurin Mama ya ce, “Wanga shi ne mara lahiyar da munka zo ɗauka?” Mama ta ce, “Shi ne, Yaya.” Ya ce, “To ni ban ga wurin da za ni sa shi cikin mota ba, da shi da wanga taro.” Ya ci tuwo, ya sa aka naɗe katifar, da zai tafi ya ce yana da injin feshi da ya lalace a gona, zai aiko da shi. Ba mu je Bena ba.

Ba zan ce Baba ya warke a ranar ba, ƙarya ba ta da amfani. Ya ci gaba da zabura idan aka buga ƙofa, akwai kuma ranakun da yakan koma kujerarsa ya yi shiru. Amma injin feshin ya zo, bayansa keken ɗinki, bayansa injin niƙa, har dakalin nan ya zama rumfa. Duk lokacin da aka ɗora masa abin gyara a gaba, rawar hannun takan tsaya. A wannan rumfar na koyi aikin da nake ci da shi yau, kuma har yanzu daga hagu zuwa dama nake jera kayana. Faifan ƙwaryar yana nan a wurina, gefensa ya ɗan ɓantare.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kullum ne hutu yake zama magani ba. Mun so Baba, sai muka kwashe komai daga gabansa, muka bar shi da hannu biyu babu abin riƙewa sai tunani. Tun daga lokacin, idan na ga wanda duniya ta kayar, ba na saurin ce masa ya zauna in yi masa. Nakan nemi wani abu da ya lalace, ko da ƙarami ne, in miƙa masa in ce, “Don Allah duba mini wannan.”